Makarantar Cikin Masara

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku sarara min haka nan. Ke kuma da kika rubuto cewa Kawu Bentsil mutumin kirki ne, ni ce kawai na tsane shi, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Ga inda muka kwana. Kukua ta samu gurbi biyu a Amurka. Ɗaya ƙaramar kwaleji ce mai suna Tansley, can tsakiyar gonakin masara, wadda ta ɗauke mata komai, karatu da ɗaki da abinci har kuɗin jirgi. Ɗayar babbar jami'a ce a birnin da Gifty 'yar kawunta take zaune, sun ɗauke ta karatun jinya amma rabin kuɗi kawai suka yafe. Gobe Litinin ce ranar ƙarshe ta ba da amsa, shi ya sa Kawu ya kira taron dangi.

*

Ko kayan coci ba a bari ta cire ba.

Tana shigowa tsakar gida ta tarar an jera benci a inuwar mangwaro, rabin dangin da ke Anomabo sun hallara, har da waɗanda ba a ganinsu sai ranar rabon naman jana'iza. Kawu Bentsil, yayan mahaifiyarta kuma shugaban dangi, yana kan kujerarsa mai hannu, ya yafa zane a kafaɗa ɗaya, tumbi a gaba kamar an ba shi ajiya. A damansa Egya Amissah ne a tsaye, okyeame na gidan, wato bakin dangi. A irin wannan zama ba mai yi wa shugaba magana kai tsaye, sai ta bakinsa.

Mahaifiyarta, Maame Esaaba, tana can ƙarshen benci kusa da murhunanta na bandar kifi. Kanta a ƙasa, tana ta murza bakin zaninta.

"Okyeame," in ji Kawu, ko kallon Kukua bai yi ba, "ka ji ka isar. A nuna wa yarinya abin da dangi suka yi mata."

Aka kwance wani ƙulli. Riguna ne farare, cike da buhu. A gaban kowace ga hoton Kukua na gama sakandare, an ɗora mata hular nas a ka, a ƙasa an rubuta sunan jami'ar birni da manyan baƙaƙe. Mata suka ɗauki tafi. Hular ma a karkace aka manna ta, ta rufe mata ido ɗaya.

Kukua ta tsura wa hoton ido. Ba ta amsa wa makarantar ba tukuna, amma har an buga ta a riga.

Ta ɗan rusuna.

"Egya, a faɗa wa Kawu na gode. Amma ni Tansley zan tafi."

Egya Amissah ya gyara murya. Mutumin nan da za ka ba shi garwashi, sai ya miƙa shi a matsayin alewa.

"Shugaba, 'yarka ta ce ta gode. Ta ce alherinka ya fi ƙarfin bakinta. Ta ce tana ɗan neman ƙarin haske a kan ɗayar makarantar."

"Egya, ba haka na ce ba."

"Haka kika ce, 'yata. Ni na ji da kunnen manya."

"Na ce Tansley zan tafi."

"Ta ce," Egya ya ɗaga murya ya danne tata, "zuciyarta na ɗan waiwaye."

Kawu ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. Ai ya ji, ba kurma ba ne. Taku biyu ne tsakaninsu.

"To madalla. Tunda haske take nema, mu ma muna nema. Okyeame, tambaye ta, a wannan makarantar tata me za ta karanta?"

"A can ba a zaɓa tun farko," in ji Kukua. "Shekarar farko ana ɗanɗana fannoni ne. Lissafi, tarihi, ilimin halittu, falsafa. Sai a shekara ta biyu mutum ya tsayar."

"Ɗanɗana," Kawu ya maimaita, yana juyowa ga jama'a. "Kun ji ko? Miya ce. Za mu ɗauki yarinya mu tsallakar da ita teku ta je ɗanɗane."

Aka kwashe da dariya.

"Ko kasuwar Mankessim za ka, da abin da za ka saya kake fita. Wannan wace irin makaranta ce da ake shiga ba a san me aka je yi ba? In ta gama, me za mu kira ta? Nas mun san nas. Lauya mun san lauya. Ita fa? Madam Ɗanɗano?"

"Kawu..."

"Ta bakina, 'yata," Egya ya tare ta.

Ta haɗiye.

"Egya, a ce masa ajinsu ba ya wuce mutum goma sha biyar. Malami zai san sunana. Daga can mutane na wucewa likitanci."

"Mutum goma sha biyar," in ji Kawu tun kafin a isar masa. "Ajin koyon baftisma na cocinmu ya fi haka. Na tambayi fasto, bai taɓa jin sunanta ba. Na tambayi mai kantin magani, wanda ƙaninsa ke can shekara da shekaru, shi ma bai taɓa ji ba. Masara ce gabas, masara ce yamma. In masara take so, ga gonar tsohuwarmu Nana Yaaba a bayan gari, ba sai an nemi biza ba."

Wata dariyar ta sake tashi. Kukua ta dubi mahaifiyarta, ko za ta ɗago. Ba ta ɗago ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba wanda ya tambayi abu ɗaya da ya kamata a tambaya. Sai ta tambaya da kanta.

"Egya, a tambayar min Kawu. Ɗaya rabin kuɗin jami'ar birni, wa zai biya?"

"Ta ce, shugaba, ta san ba za ka bar ta ta ji kunya ba..."

"Na ce wa zai biya."

Wannan karon muryarta ta fita sosai, har kajin da ke tsattsagar ƙasa suka watse.

"Rabin nan, ko Maame ta banda duk kifin da ke tekun nan ba za ta haɗa shi ba. Kuma ba sau ɗaya ba ne, duk shekara ne har in gama. Iznin zamana a ƙasar a wuyan makaranta yake rataye. Ranar da aka kasa biya, ranar za su cire sunana, ranar zan zama mai laifi a ƙasar mutane. Tansley ba ta nemi ko kuɗi sidi ɗaya a hannunmu ba. Har rigar sanyi sun ce za su ba ni."

"Rigar sanyi," Kawu ya yi tsaki. "An saye ki da rigar sanyi."

"Ba a saye ni ba, an ɗauke ni ne."

"Gifty ta ce za ta biya. Ta ce ɗaki na nan, abinci na nan. 'Yar'uwarki ce, a gidanta za ki zauna, ki ci tuwon dokono ki ji yarenku, ba cikin Turawan da ko gaisuwa ba su iya ba."

"Da baki ta faɗa."

Mata suka dubi juna.

"Me ta ce?" Kawu ya tambayi Egya, a hankali.

Egya Amissah ya share zufa.

"Ta ce... bakin Gifty baki ne mai albarka."

"Na ce da baki ta faɗa," in ji Kukua. "Makaranta ta nemi ta sa hannu cewa ita ce mai ɗaukar nauyi na shekara huɗu. Tun watan jiya nake binta. Yau tana aiki, gobe yaro ba lafiya."

Kawu ya miƙe zaune sosai, zanen ya zame daga kafaɗarsa.

"Wato 'yata maƙaryaciya ce."

"Ban ce ba."

"'Yata da ta rufa wa gidan nan kwano. 'Yata da ta sayi akwatin gawar kakarki. Ke da ko kwalin ashana ba ki taɓa kawowa gidan nan ba, ke ce za ki auna maganarta?"

Ya laluba cikin zane ya zaro wayarsa.

"Bari ku ji da kunnenku. Jiya-jiyan nan ta aiko. Okyeame, riƙe min tabarau."

Kun san dattawanmu da saƙon murya. Ba sa kai waya kunne, sai dai su ƙure ƙara su ɗaga ta sama kamar mai kiran kasuwa. Haka Kawu ya yi. Ya danna da ƙaton yatsansa, ya ɗaga hannu, yana kallon Kukua da ido ɗaya.

Muryar Gifty ta cika gidan, tana zuba zuma.

"Papa, ina kwana. A gaishe min da kowa da kowa. A faɗa wa ƙanwata Kukua ɗakinta na nan na gyara, har labule na saka. Kar ta damu da komai, karatunta a wuyana yake. Allah ya kawo ta lafiya."

Mata suka yi ta "Allah sarki". Wata har da share ido. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, hannunsa na sama har yanzu.

Wayar ta yi ɗan ƙara, saƙo na biyu ya bi bayan na farko da kansa.

"Yauwa Papa, wannan kuma naka ne kai kaɗai, kar ka saka a gaban mutane."

Kawu ya sauke hannu da sauri. Ba tabarau a idonsa. Ya danna gefe, maimakon ta mutu sai ƙarar ta ƙaru.

Wannan muryar ba zuma a cikinta. Muryar mace ce da ta gaji, ga kukan yaro a bayanta.

"Matar da ke riƙe min yara ta ce watan takwas za ta tafi. Ka san kuɗin reno a nan ya fi kuɗin haya, ga tagwayen nan na tafe. Zango ɗaya zan biya mata, don dai ta samu shigowa. Bayan nan sai mu ce aiki ya yi ƙasa, ta ɗan dakata. In ta zauna da yara shekara biyu uku, a hankali a san yadda za a yi da takardunta. Kai dai ka tsaya tsayin daka kar ta tafi ƙauyen masarar nan. In ta tafi can ta fi ƙarfinmu..."

Sai a nan Kawu ya samu ya kife wayar a cinya ya danne ta da tafin hannu biyu, kamar mai kama kaza.

Ba wanda ya motsa. Matar da ke share ido ta tsaya da bakin zani a fuska.

Kukua ta tsaya tana kallon wayar da kawunta ya danne. Ba mamaki ne ya fi yawa ba, baƙin ciki ne. Ashe duk daren da ta kwana tana rubuta takardun neman makaranta a wayar aro, su lissafin mai goyo suke yi.

Ta juya ga Egya Amissah.

"Egya, wannan ma a gyara min shi."

Egya ya dubi ƙasa.

"Kai ne mai kunnen manya. Me Sista Gifty ta ce? Ka faɗa min da daɗi yadda ka saba."

"'Yata..."

"Ko ita ma zuciyarta ce ke ɗan waiwaye?"

Wani saurayi a baya ya fashe da dariya, uwarsa ta make shi.

Daga kan tabarma aka ji ƙwanƙwasar sanda. Nana Yaaba ce, ƙanwar kakar Kukua, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangin. Ita ba ta bi ta bakin kowa, don ita ta yi wa shugaban kansa wanka yana jariri.

"Bentsil."

"Nana, ba yadda kuka ji ba ne..."

"Kunnena ya tsufa, bai mutu ba. 'Ya'yan Gifty na wane gida ne?"

Kawu ya tura wayar cikin zane.

"Na ce na wane gida ne? Jini ta uwa yake bi, ko an canza ban sani ba? Gifty ta gidan matarka ce. 'Ya'yanta na gidan matarka ne. In sun girma can za su kai arzikinsu, can za a binne su. Wannan," ta nuna Kukua da sanda, "ita ce tamu. Cikinta ne zai haifa mana masu zama a kujerar da kake kai. Mun ɗora ka ka tsare mana gida, sai ka ɗauki 'yar gida ka kai ta wankin kashin jikokin surukanka?"

Nan fa wuri ya kaure. Masu tafi ɗazu su ne suka fi kowa ɗaga murya yanzu, haka mutane suke. Wata ta ɗauki riga ɗaya daga buhu ta jefar a ƙasa. Wani yana cewa a mayar masa da abin da ya bayar na buga riguna.

Da a ce Kawu mai kunya ne, da nan ya tsaya. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya miƙe tsaye, ya ja zanensa ya ɗaure a ƙugu.

"Sai me?"

Hayaniyar ta lafa.

"Na ce sai me? Reno zunubi ne? Wace ce a cikinku ba ta yi goyo a gidan wani ba kafin ta yi nata? Ita Gifty da ta je, ba tsofaffi ta yi ta wankewa ba kafin ta zama abin da ta zama? Yarinya za ta shiga Amurka, ta ci ta ƙoshi, a ƙarshe ta samu takarda. Wannan ne abin kuka? Uban yarinyar nan da ya bi jirgin kamun kifi bai waiwayo ba, wa ya saya mata katifa da akwati ta tafi sakandare? Wa ya je ya tsaya mata ranar da aka koro ta daga makaranta?"

"Kai ne, Kawu."

Kukua ce. Ba ta kalli Egya ba, idonta cikin na kawunta.

"Kai ne, kuma ban manta ba. Amma da ka ce min bashi ne, da na san ranar biya na zuwa. Ba ka ce min da kaina zan biya ba."

"Kai tsaye take min magana," Kawu ya ce da Egya. "A gaban dangi. Kana gani."

"Tarar tunkiya ce, 'yata," Egya ya faɗa a sanyaye. "Da kwalbar giya. Ki janye."

"A rubuta tunkiya biyu, don ban gama ba. Kawu, ka tsaya a coci ka ce na zama nas. Ka buga ni a riga. Duk kana sane zango ɗaya ne. Da na je, aka cire sunana, na zama mai ɓuya in na ga ɗan sanda, me za ka faɗa wa mutane? Cewa za ka yi Kukua ta lalace a Turai, ko ba haka ba?"

Kawu ya juya ga ƙarshen benci.

"Esaaba."

Mahaifiyarta ta ɗago a karon farko.

"Kin ji 'yarki. To ki ji nawa. Ɗakin da kike ciki na dangi ne. Filin da murhunanki suke na dangi ne, kuma ni ke rabawa. In yarinyar nan ta amsa wa makarantar masara, ki nemi inda za ki kai kifinki."

"Ba ka isa ba," in ji Nana Yaaba.

"A tara dangi a sauke ni, Nana. Kafin nan dai ni ne."

Kukua ta san ba barazanar banza ba ce. Sauke shugaba ba aikin mako ba ne, kuma lokacin kifi ya kusa. Amma ta kuma san in ta bari gari ya waye, za a yi ta aiko mata da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya har ta gaji. Ta zaro wayar aron nan daga jakar coci. Shafin Tansley a buɗe yake tun safe, saura kawai ta danna inda aka ce ta amince.

"Maame, ki yi haƙuri," ta ce, hawaye na zubo mata. "A can ana ba ɗalibi ɗan aiki a ɗakin karatu. Duk abin da na samu naki ne. Ko haya ce zan kama miki. Amma ba zan je in yi goyo ba."

Ba ta ga tasowar mahaifiyarta ba. Sai dai ta ji an damƙe mata wuyan hannu, damƙa irin ta mai juya kifi a kan wuta.

"Kar ki taɓa."

"Maame, kar ki ji tsoronsa. Nana na nan, kowa ya ji abin da..."

"Ba tsoronsa nake ji ba."

Maame Esaaba ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta.

"Ki bar zagin kawunki haka nan. Ba shi ya fara maganar nan ba. Ba kuma Gifty ba ce."

Kawu ya koma ya zauna a hankali, ya kau da kai.

"Ni na kira ta," in ji Maame. "Tun ranar da kika nuna min hoton makarantar nan, ba gida ko ɗaya a kusa, ba mutum ko ɗaya da ya san sunan uwarki. Ke kaɗai gare ni. In kin shiga can kin zama tasu, wa zai dawo min da ke? Gara ki yi goyo a gidan da na san ƙofarsa."

Kukua ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Da ƙyar ta haɗa maganar.

"Amma ba ki san za su cire ni ba. Maame, ki ce ba ki san da maganar zango ɗayan ba."

Hannun da ke riƙe da ita bai sassauta ba.

"Gifty shekara ɗaya ta ce za ta biya," in ji mahaifiyarta. "Ni na ce mata zango ɗaya ya isa."